A Bari Ya Huce Shi Ke Kawo Rabon Wani: Haƙƙin Mai Rauni Yana da Wa'adi

'Yan uwana na Kafanchan, ku ba ni aron hankalinku. Mutanen Kagoro da Zonkwa, mutanen Kwoi da Kachiya, na Gidan Waya da Godogodo, na Manchok da Gwantu, maganar nan taku ce. Iyayenmu mata, ku matso kusa. Matasa, ku ajiye waya ku saurara.

Haƙƙin wanda aka ji wa rauni yana da wa'adi. Ku riƙe wannan da kyau. Wanda mota ta buge, wanda inji ya cinye wa hannu a wurin aiki, wanda wayar lantarki ta faɗo wa, wanda aka lakaɗa wa duka ba gaira ba dalili, kowannensu doka ta ba shi damar zuwa kotu ya nemi diyya. Amma da sharaɗi: ya zo a kan lokaci. Ranar da wa'adi ya cika, magana ta ƙare. Ko shaidunka sun kai ɗari. Ko tabon yana jikinka kowa na gani. Ko mai laifin da kansa ya san ya yi. Lauyansa zai miƙe ya ce lokaci ya wuce, alƙali ya ƙirga kwanaki, ya kori ƙarar ba tare da ya saurari yadda abin ya faru ba. Gaskiyarka tana nan, amma babu kotun da za ta karɓo maka ita.

Mu manoma ne, mun san wannan. Wanda ya bari lokacin shuka citta ya wuce, ko gonarsa ta fi ta kowa taki, ba abin da zai haƙa. Haka ƙara take.

To, nawa ne wa'adin? Ba ɗaya ba ne, kuma nan ne mutane ke faɗawa rami.

A Jihar Kaduna, dokar wa'adin ƙara da ke cikin kundin dokokin jihar na 1991 ta ba da shekara 5 ga wanda wani ya cutar. Amma 'ya'yanmu nawa ne ke neman abinci a Abuja da Legas? A can, wanda aka ji wa rauni ta hanyar sakaci shekara 3 kawai yake da su. Kada ka ɗauki lissafin Kaduna ka kai Abuja.

Ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, nasa ya fi gajarta. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma mai aikin ya kai rahoto cikin kwana 7. Neman diyya daga hukumar da ke biyanta, wato NSITF, kuwa, cikin shekara 1 ne. Sai da dalili mai ƙarfi ake ɗaga shi zuwa shekara 3.

Kafanchan garin jirgin ƙasa ne, kowa ya sani. To, wanda zai kai Hukumar Jiragen Ƙasa ƙara, wata 12 dokar hukumar ta ba shi, kuma dole ya rubuta mata takardar sanarwa wata 3 kafin ya shiga kotu. Ka yi lissafi ka gani, kwana nawa suka rage maka?

Sai babbar cikinsu. Idan motar gwamnati ce ta buge ka, ko jami'in gwamnati ne ya yi maka illa yana bakin aikinsa, ka ɗauka wata 3 ne a hannunka. Wata 3 kacal! Haka Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta tarayya ta faɗa a sashe na 2. Kuma a 1998, a wata shari'a da ta taso daga nan Jihar Kaduna, Kotun Ƙoli ta yanke cewa irin wannan kariya ba ta tsaya kan jami'i shi kaɗai ba, ta haɗa da hukumar gwamnati kanta.

Ku ji abin da wata 3 ɗin nan suka yi wa wani bawan Allah. A watan Fabrairun 1978, wani ma'aikacin Ma'aikatar Gona ta Tarayya ya yi haɗari a motar ofis, yana kan tafiyar aiki. Aka kwantar da shi a asibitin koyarwa na Ibadan wata da watanni. Daga can aka fitar da shi Birtaniya. Ya dawo ƙafafunsa a shanye. A watan Janairun 1981 ya samu sukunin shigar da ƙara. Shari'ar, wadda lauyoyi suka sani da Adigun da Ayinde, ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 1993 kotun ta ce ya makara. Alƙalan sun ga tsananin abin, sun kuma faɗa. Amma suka ce aikinsu bin doka ne yadda aka rubuta ta. Mutumin da ke kwance a gadon asibiti, doka tana ƙirga masa kwanaki.

Wannan ya faru da ma'aikacin gwamnati mai ilimi. Ina ga ɗan acaɓa a Zonkwa? Ina ga mai tallar doya a bakin hanyar Gidan Waya?

Abubuwa uku ne ke cinye mana lokaci, kuma dukansu mun saba da su.

Na farko, mu ce ai magana tana hannun 'yan sanda. 'Yan uwa, kai rahoto caji ofis daban, shigar da ƙarar diyya daban. Ko an kama direba, ko an gurfanar da shi, wannan shari'ar hukuma ce da shi. Taka ba ta fara ba sai ranar da aka yi mata rajista a kotu. Kana jiran waccan ta ƙare, taka tana mutuwa.

Na biyu, mu ce ana sulhu. Sulhu alheri ne, ba mai musun wannan. Mai mota ya zo asibiti da dattawa, ya ajiye kuɗin magani, ya ce a yi haƙuri, sauran na nan tafe. Wata ya wuce. Ya ce bayan girbi. Girbi ya wuce. Ya ce bayan Kirsimeti, bayan Sallah. Ana nan, lambarsa ta daina shiga. To ku sani, a 1994, a shari'ar Eboigbe da kamfanin NNPC, Kotun Ƙoli ta yanke cewa zaman sasantawa ba ya tsayar da ƙidayar wa'adi. Ku yi sulhu, amma ku yi shi a rubuce, da shaidu, da ranar biya. Ku yi sulhu, amma idonku na kan kalanda.

Na uku, mu ce bari ya warke tukuna. Kun dai ji abin da ya faru da mutumin da aka kwantar a Ibadan. Ciwon jiki, komai tsananinsa, ba ya tsayar da ƙidaya.

Yanzu mu zo kan waɗanda suka fi kowa buƙatar mu tsaya musu.

Ku duba unguwarku. Da wuya a rasa gida mai irin wannan saurayi. Da can shi ne mai ɗawainiyar gida, yana fita da babur tun asuba. Wata rana tirela ta hankaɗe shi, kansa ya bugi kwalta. Ya yi dogon suma. Ya farfaɗo, ƙashi ya ɗoru, ciwo ya warke, amma mutumin bai dawo ba. Yanzu yana zaune a gindin mangwaro tun safe har yamma. Ya tambaye ka abu, ka ba shi amsa, ya sake tambaya. Ka ba shi kuɗi, bai san nawa ba ne. Ƙaramin abu ya fusata shi. Takardun asibitinsa suna cikin baƙar leda a ƙarƙashin katifar mahaifiyarsa, ruwa ya fara cin tawadar. Mutanen unguwa suna cewa, ai tun haɗarin nan bai koma daidai ba. Sun faɗi gaskiya. Amma ba wanda ya ce a je a ga lauya.

Wannan saurayi ba zai iya kai kansa kotu ba. Bai ma san an zalunce shi ba. Doka ta san da irinsa, ta kuma yi masa sassauci. Dokokin wa'adin ƙara sun ware mutum biyu: yaron da bai kai shekarun girma ba, da wanda hankalinsa ba ya tare da shi. Idan a ranar da abin ya same shi yana cikin wannan hali, ba a fara ƙirga masa lokaci sai ya samu lafiya, ko kuma ya rasu. Yaro kuwa, sai ya girma.

A Ingila, inda asalin waɗannan dokoki yake, an yi wata shari'a da ta yi kama da ta yaranmu. A 1959 wani mutum yana kan babur ya yi karo da mota, ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Wa'adin can shekara 3 ne, shi kuwa ba a shigar da ƙararsa ba sai bayan sama da shekara 4. A 1965, a shari'ar Kirby da Leather, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce bai makara ba, domin tun daga ranar haɗarin ba ya iya tafiyar da al'amuransa yadda mai cikakken hankali zai yi. Ma'aunin ke nan. Ba sai mutum yana yawo a titi ba riga ba. Tambayar ita ce: zai iya gane haƙƙinsa? Zai iya ba lauya umarni? Zai iya auna sulhu ya ce na yarda ko ban yarda ba?

Saboda haka, ga albishir. Idan kuna da irin wannan mara lafiya, kuma shekaru sun shuɗe, kada ku ce an gama. Mai yiwuwa ƙofarsa tana buɗe har yau. Ku tashi ku tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Amma ga gargaɗi, kuma ku ji shi da kunnen basira. Wannan sassauci siriri ne ƙwarai. Kada ku kwanta a kansa.

Yana aiki ne idan larurar tana nan tun ranar da abin ya faru. Idan mutum ya tashi daga haɗari da hankalinsa garau, sai daga baya larura ta same shi, ƙidayar da ta riga ta fara ba ta tsayawa.

Ba kowace damuwa ce kotu ke karɓa ba. Baƙin ciki, firgici, rashin barci, duk ciwo ne na gaske, kuma suna buƙatar magani. Amma sai sun kai matsayin da mutum ba ya iya riƙe al'amuransa kafin su zama uzuri a gaban alƙali.

Ku ne za ku kawo hujja. Kotu ba za ta wadatu da cewa kowa a unguwa ya sani ba. Za ta nemi likita. Za ta nemi kati, da kwanan wata, da sa hannu.

Ita kuwa dokar wata 3 ta jami'an gwamnati, a rubutunta ba ta ambaci mai larurar ƙwaƙwalwa ba sam. Ta tuna da fursuna, ta ce za a ƙirga masa daga ranar da aka sallame shi. Ba ta tuna da wanda ke kwance a sume ba.

Ko da doka ta yarda ta jira, duniya ba ta jira. Shaidu suna ƙaura. Shaidu suna mutuwa. Direba ya canza gari, an sayar da mota, kamfani ya rufe. Mara lafiya kuma yau yake buƙatar magani, yau 'ya'yansa ke buƙatar kuɗin makaranta.

To, me za mu yi? Ga shi, ɗaya bayan ɗaya.

Ku rubuta ranar. Ranar da abin ya faru, da lokaci, da wurin. Ku rubuta a littafi, ku rubuta a waya. Daga wannan rana ake duk wani lissafi.

Ku ɗauki lambar mota. Ku ɗauki hoton wurin, da hoton raunin. Ku karɓi sunaye da lambobin waɗanda suka gani da idonsu. Ku tambayi takardar inshorar motar, domin doka ta wajabta wa kowane mai mota inshorar da ke biyan wanda ya buge. Ku kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122. Ku kai rahoto ga 'yan sanda, ku nemi kwafinsa.

Ku kai shi asibiti nan take. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa. Idan ya bugu a kai, ku gaya wa likita komai: ya suma, ya yi amai, bai gane mu ba, yana surutai. Ku roƙa a rubuta a kati. Abin da aka rubuta a daren farko shi zai yi magana bayan shekaru.

Idan kun ga halinsa ya canza, kada ku ɓoye shi. Kada ku kulle shi a ɗaki. Kada ku sa masa mari. Ku yi addu'a a coci, ku yi addu'a a masallaci, Allah shi ne mai warkarwa. Amma ku haɗa da asibiti. Ku fara da babban asibitin Kafanchan. Akwai Asibitin Tarayya na Masu Larurar Ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kaduna. Akwai asibitin koyarwa na Shika a Zariya, akwai na Jos kusa da mu. Ku nemi rahoton likita da ya bayyana yaushe larurar ta fara da abin da ta hana shi yi. Tun Janairun 2023 ƙasar nan ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tabbatar cewa mai wannan larura mutum ne mai cikakken haƙƙi da mutunci.

Ku adana kowace takarda. Rasit na magani, hoton ƙashi, hoton kai, takardar sallama. Ku yi kwafi. Ku ba amintacce guda ya riƙe.

Kada ku bari ya sa hannu a kan komai. Kada ku bari a dangwala masa yatsa a takardar da ba ku karanta ba. Wanda bai san nawa aka ba shi ba, ta yaya zai yafe haƙƙinsa?

Ku tsaya a madadinsa. Doka ta yarda uba, ko uwa, ko mata, ko miji, ko ɗan uwa ya shigar da ƙara da sunan mara lafiya a matsayin mai kula da shi. Ba sai an jira ya warke ba. Babbar Kotun Jiha tana zama a nan Kafanchan. Ba sai kun je Kaduna ba.

Ku ga lauya a makon farko, ba a shekarar ƙarshe ba. Shi zai duba wace doka ce ta hau kan maganarku, shi zai ƙirga muku ranar da wa'adi zai cika. Kada ku ce ba mu da kuɗi. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa tana da reshe a Kafanchan. Hukumar ba da tallafin shari'a, wato Legal Aid Council, an kafa ta ne domin marasa ƙarfi, kuma dokarta ta 2011 ta ambaci ƙarar haɗari da diyyar ma'aikata ƙarara. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana nan ga mata da yara. Idan kuwa azabtarwa ce ko tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, ku sani ƙa'idojin kare 'yancin ɗan Adam na 2009 sun ce wannan ƙarar ba ta da wa'adi. Ku gaya wa lauya komai, shi ya san ƙofar da zai bi.

Idan diyya ta fito, ku ji tsoron Allah. Kuɗinsa ne. Ba gado ba ne, mai shi yana raye. Maganinsa ne, abincinsa ne, karatun 'ya'yansa ne. Amana ce a wuyanku.

Na san abin da wasunmu za su ce. Za su ce ƙaddara ce, mun bar wa Allah. Haƙuri ibada ne, yafiya kuma halin manya ce. Mai hankali yana da ikon yafe nasa. Amma wa ya ba ka ikon yafe haƙƙin wanda ba ya iya magana? Wa ya ba ka ikon yafe abincin 'ya'yansa? Neman diyya ba gaba ba ce. Ba ramuwa ba ce. Kuma duk direban da ya san za a tambaye shi, gobe zai taka burki a kasuwar Kwoi.

Fastocinmu da limamanmu, ku faɗi wannan a kan mumbari, ranar Lahadi da ranar Juma'a. Zumuntar Mata, ku kai shi taronku. Malaman Islamiyya, ku gaya wa iyayen yara. Sarakunanmu, hakimai da masu unguwanni, idan an kawo sulhu gabanku, ku fara da tambaya: yaushe abin ya faru, kwana nawa suka rage? Shugabannin 'yan acaɓa da na direbobi, ku buɗe littafi a kowace tasha, ku rubuta duk haɗarin da ya shafi ɗanku. Ma'aikatan jinya, ku rubuta abin da kuka gani dalla-dalla, biro ɗinku na iya ciyar da gida guda. Lauyoyinmu 'yan asalin yankin nan, ku ware rana ku sauko ƙauye. Ɗalibai, ku fassara maganar nan ga kakanninku da Jju, da Tyap, da Hyam, da Fulfulde. Tirela ba ta tambayar ƙabila. Ba ta tambayar addini. Mu ma kada mu tambaya kafin mu taimaka.

Ku kuma 'yan majalisarmu na Abuja da na Kaduna, kiran ya iso gare ku. Dokar wata 3 tun 1916 take, tun zamanin mulkin mallaka. Turawan da suka kawo mana ita sun soke irinta a ƙasarsu tun 1954. Mu me muke jira? Ku gyara ta. Ku tsawaita wa'adin. Ku rubuta a cikinta, baro-baro, cewa ba a ƙirga wa yaro, ba a ƙirga wa wanda ke sume, ba a ƙirga wa wanda hankalinsa ya gushe. 'Yan uwa, idan sun zo neman ƙuri'a, ku tambaye su wannan. Ku sake tambaya. Kada ku gaji.

Amma kafin su gyara, aiki yana hannunmu. Yau, ba gobe ba.

Ka tuna gidan da ke da mai rauni a unguwarku. Ka je. Ki je. Ku yi sallama, ku gaishe shi da sunansa. Ku tambayi ranar da abin ya faru. Ku ce a fito da takardu. Ku ƙirga watanni tare. Ku haɗa kuɗin mota. Ku raka su asibiti. Ku raka su wurin lauya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ba ya iya magana, mu ne bakinsa. Wanda ba ya iya tafiya, mu ne ƙafarsa. Wanda ba ya iya ƙirga kwanaki, mu za mu ƙirga masa. Ku tashi, Jama'a! Ku tashi, Kaura da Zangon Kataf! Ku tashi, Jaba da Sanga, Kachiya, Kagarko da Kauru! Kada haƙƙin ɗan uwanmu ko guda ya sake mutuwa saboda mun yi shiru. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare mu a kan hanya, ya ba mu ƙarfin tsaya wa juna. Amin.